Yadda muka amsa tambayar Amurka kan mazan da ke biyan kuɗin

Ina aiki da wata ƙaramar ƙungiyar mata a Kano. Aikinmu karɓar 'yan matan da aka dawo da su daga inda aka yi safararsu, mu kai su asibiti, mu sasanta su da iyayensu idan abin zai yiwu, mu sa su a hanyar sana'a. Wajen ƙarshen kowace shekara ma'aikatar harkokin wajen Amurka kan fitar da sanarwa tana neman bayanai daga ƙungiyoyi irin tamu, domin rahoton da take wallafawa duk shekara kan safarar mutane a duniya. Mun daɗe muna ganin sanarwar muna wucewa. A shekarar da nake ba da labarinta, Hajiya shugabarmu ta sa aka buga takardar, ta ajiye mini a tebur ta ce, "Bana za mu sa baki. Ke za ki haɗa mana."

Kafin in rubuta ko kalma ɗaya sai da na nemi sanin inda tambayoyin suka samo asali. Akwai wata doka ta kare waɗanda aka yi safararsu, wadda ɗan majalisa Chris Smith na jihar New Jersey ya jagoranta, Shugaba Bill Clinton ya sa mata hannu a watan Oktoban 2000. Ita ce ta wajabta wa gwamnatin Amurka auna ƙoƙarin kowace ƙasa, kuma rahoton farko ya fito a 2001. Ana jera ƙasashe mataki-mataki: na ɗaya, na biyu, na biyu da ake sa wa ido, sai na uku. Wadda ta faɗa na uku ana iya tsuke mata tallafin da ba na jinƙai ba kuma ba na kasuwanci ba, a kuma ƙi mara mata baya idan ta nemi rance a Bankin Duniya ko IMF, sai dai idan shugaban Amurka ya ɗaga mata ƙafa. Tun daga gyaran 2008, ƙasar da ta shekara biyu a jere ana sa mata ido tana iya zarcewa mataki na uku kai tsaye. Najeriya ta taɓa zama a mataki na ɗaya daga 2009 zuwa 2011, ta sauko, har ta shiga jerin sa ido a 2017 da 2018. Shi ya sa ba jami'in da ke wasa da wannan rahoto, ko da zai kushe shi a bainar jama'a.

Ƙa'idojin takardar ba su da wuya. Lokacin da ake tambaya a kai yana farawa daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Maris na shekara mai zuwa. Ana son ka amsa abin da ka sani ta hanyar aikinka kawai, kuma duk gazawar da ka ambata ka haɗa ta da shawarar gyara. Tambayoyin masauki, da magani, da shari'ar dillalai, da yadda ake karɓar waɗanda suka dawo, duk na wuce su ba tare da wahala ba, don aikinmu ne na kullum.

Can ƙasa-ƙasa na ci karo da wadda ta tsayar da ni. Tana tambaya ne wane ƙoƙari gwamnati ta yi na rage masu biyan kuɗi su yi lalata da mata, da kuma 'yan ƙasa masu fita waje neman haka. Ba ƙari ne da wani ma'aikaci ya ga dama ya saka ba. Majalisar dokokin Amurka ce ta shigar da shi cikin dokar a gyaran 2005, kuma yanzu shi ne na goma sha biyu a jerin abubuwan da ake dubawa kafin a ce wata gwamnati tana yi da gaske.

Na janyo fayilolinmu in nemi abin da zan kafa hujja da shi. Takardar da muke cikewa idan yarinya ta zo tana da gurbin suna, da shekaru, da gari, da wanda ya fara yi mata maganar tafiya, da wanda ya biya kuɗin mota, da hanyar da aka bi, da sunan madam, wato matar da ke tsare da ita tana karɓar kuɗin, da bashin da aka ɗora mata. Mun san 'yar unguwar da ta yaudare ta, mun san direba, wani lokaci har lambar wayar madam muna da ita. Mazan da kuɗinsu ke tafiyar da harkar baki ɗaya ba su da ko layi ɗaya.

Wata yarinya da ke zuwa koyon ɗinki a wurinmu ce ta nuna mini su, ba tare da na tambaye ta ba. An ɗauke ta tana da shekara goma sha shida da alkawarin aiki a shagon gyaran gashi, aka sauke ta a wani sansanin masu haƙar zinariya a Mali. Ta ji muna maganar takardar a ofis, washegari sai ga ta da wani abu a ƙunshe cikin leda. Littafin rubutu ne irin na 'yan firamare, bangonsa ya yage, gefen shafukan ya rine da jar ƙasa.

"Anti, ga lissafina," ta ce.

Babu rubutu a ciki sai ƙananan zane-zane a tsaye, biyar-biyar, da biro shuɗi, wani wuri da fensir. Kowane zane namiji ɗaya ne. Ta ce madam tana da nata littafin, amma kullum aka tambaye ta saura nawa sai a ji bashin bai motsa ba, shi ya sa ta fara nata a ɓoye, tana cusa shi cikin matashin kai. Bashin sefa miliyan ɗaya da rabi ne, kowane kwastoma kuma sefa dubu biyu yake ajiyewa. Na buga lissafin a waya: maza 750, kafin a sa kuɗin abinci, da kuɗin ɗakin da aka yi da itace da leda, da kuɗin magani, waɗanda duk a kanta ake ɗorawa. Na tambaye ta ko a cikinsu akwai wanda ya taɓa tambayar shekarunta. Ta ce akwai wanda ya tambaya, da ta faɗa masa sai ya ce shi dama ƙanana yake so.

Ba ita kaɗai ba ce. A watan Janairun 2019 shugabar NAPTIP ta lokacin, wato hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya, Julie Okah-Donli, ta ce akwai 'yan matan Najeriya kusan 20,000 da ke cikin irin wannan hali a Mali. Ta ɓangaren Turai, hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta ƙirga matan Najeriya 1,454 da suka isa Italiya ta teku a 2014, zuwa 2016 adadin ya kai 11,009, kuma ta ƙiyasta kashi 80 cikin ɗari na cikinsu na iya zama waɗanda aka yi safararsu don karuwanci. Bashin can yakan kama daga Yuro 30,000 zuwa 50,000. Duk bashin da aka ce wata ta gama biya, daga aljihun maza ya fito.

Idan ka duba abin da aka yi a yankinmu, kusan duka a kan hanya da dillalai ya ƙare. Nijar ta kafa dokar 2015 ta hana fasa-ƙwaurin baƙin haure, wadda ta sa aka riƙa kama direbobin Agadas ana ƙwace motocinsu, har aka soke ta a watan Nuwamban 2023. A watan Maris na 2018 Oba na Benin, wato sarkin Benin da ke jihar Edo, Ewuare na Biyu, ya tara bokaye ya warware rantsuwar da ake ɗaura wa 'yan mata kafin a tafi da su, abin da ya 'yantar da zukata da yawa. Duk wannan aiki ne mai kyau. Amma muddin akwai maza da kuɗi a hannu suna jira a ƙarshen hanya, idan aka toshe wata za a buɗe wata, idan 'yan wannan gari suka waye a koma na gaba.

Tunda tambayar a kan gwamnatinmu take, sai na fita neman amsa a gida. Na zaga ofisoshin da suka dace, kuma an karɓe ni da mutunci. Kusan ko'ina amsa ɗaya ake ba ni: samame. An kai samame otal kaza, an rufe gidan magajiya kaza, an kama mata kaza. Wani jami'i ya buɗe mini rajista da alfaharinsa, ya ce, "Malama, rubuta wannan, su san ba barci muke ba."

Na taɓa isa wani ofis da safe bayan samamen dare. Mata ne jere a kan benci a baranda, wasu ba mayafi, wata ta rufe kanta da tawul ɗin otal, wata ƙarama a ƙarshen bencin tana ta jan siket ɗinta ƙasa don ya rufe gwiwa. Na tambayi wanda ke tsaron su, ina mazan da aka same su tare? Ya ce an sallame su tun da asuba, magidanta ne, 'yan uwansu sun zo. Da na ce ai waccan ƙaramar ba ta kai sha takwas ba, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Hajiya, in ɓera da sata, daddawa ma da wari." Na sha jin wannan karin magana, amma ban taɓa jin ta yi mini ɗaci kamar ranar ba. Dokarmu ta 2015 kan safarar mutane ta tanadi ɗaurin aƙalla shekara bakwai da tarar naira miliyan ɗaya idan yarinya ce aka jefa cikin wannan harka. Yarinyar ce ta kwana a tsare, wanda ya biya kuɗin ya yi sallar asuba a unguwarsu.

Da na kawo abin da na tara, muka zauna da Hajiya, da lauyan da ke taimaka mana kyauta, da wani dattijon malami da ke cikin kwamitin amintattunmu, wanda duk muke kira Baba Malam. Hajiya ta fara da cewa mu rubuta adadin samamen, tunda shi ne abin da ake da shi, kuma ba ma son mu ɓata da mutanen da gobe za mu koma neman taimakonsu. Barista ya ce a'a. "Hajiya, tambayar ta ce me aka yi wa masu saye. Idan muka ba su lissafin matan da aka kama, mun taimaka an mayar da wulaƙancin yaranmu ya zama maki." Ya tuna mana hukuncin kotun ECOWAS na watan Oktoban 2017 a ƙarar Dorothy Njemanze da wasu mata, inda kotun ta ce kama su a titunan Abuja da sunan karuwai ne tauye haƙƙinsu ne. Ya ƙara da cewa dokar Amurkan ita kanta tana duba ko gwamnati na hukunta waɗanda aka yi safararsu kan laifin da aka tilasta musu.

Shi ne kuma ya yi mana bayanin ƙudirin da ake ta kaiwa da komowa da shi a majalisar wakilan Amurka. Ɗan majalisa Randy Hultgren na jihar Illinois ya gabatar da shi a 2015, ya sake a 2017, daga baya Ann Wagner ta jihar Missouri ta ci gaba da ɗaukarsa. Masu ƙudirin suna ganin kalmomin dokar sun yi sako-sako, har ƙasa irin Holan, wadda ta halatta gidajen karuwai a 2000, ta daɗe zaune a mataki na ɗaya. Suna so a fito fili a tambayi kowace gwamnati: kin haramta sayen, ko kina da manufar yaƙi da shi? Kina wayar da kan masu saye kan yadda dillalai ke amfani da matan? Kina kama 'yan ƙasarki masu fita waje don lalata? Abin koyinsu Suwidin ce, wadda tun 1999 ta mayar da laifin kan mai saye ta bar mai sayarwa. Norway da Iceland suka bi a 2009, Kanada a 2014, Faransa a 2016, Ireland a 2017. A Faransa tarar Yuro 1,500 ce, ta kai 3,750 ga wanda ya maimaita, kuma dokar ta soke laifin tsayawa neman kwastoma da ake kama mata da shi, ta buɗe hanyar ba 'yar ƙasar waje takardar zama ta wata shida idan ta shiga shirin barin harkar.

Ba kowa ya yarda da wannan tsari ba, kuma Barista bai ɓoye mana ba. Amnesty International ta tsaya a 2016 kan cewa a cire hukunci gaba ɗaya tsakanin manya. Wani bincike da ƙungiyar likitoci ta Médecins du Monde ta fitar a 2018 ya ce matan da ke kan titi a Faransa sun ƙara talaucewa, kuma suna bin kwastoma zuwa wurare masu haɗari don ya guje wa 'yan sanda. Wasunsu sun kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, wadda a watan Yulin 2024 ta ce dokar Faransa ba ta saɓa wa yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ba. A shekarar ce kuma Tarayyar Turai ta umarci ƙasashenta su mayar da shi laifi ga duk wanda ya yi amfani da mutum alhali ya san safararsa aka yi.

Ni abin da na ɗauka daga wannan muhawara shi ne, matsalarmu ba irin ta Holan ba ce. Mu ba mu rasa haramci ba. Jihohi goma sha biyu na Arewa suna aiki da shari'ar Musulunci tun farkon shekarun 2000, kuma zina a shari'a ba ta ware namiji ba. Idan aka tambaye mu ko mun haramta, za mu ce ƙwarai, a ba mu maki, bencin nan kuma ya ci gaba da cika da mata. Tambayar da za ta taɓa mu ita ce: cikin waɗanda aka gurfanar bana, maza nawa ne masu biya? Na goyi bayan matsin lambar, amma ina son a auna ta da wannan.

Baba Malam ya yi shiru har muka gama, sannan ya ce shi abin da ke damunsa daban ne. "'Yata, su wa suka naɗa Amurka alƙali a kanmu?" Maganarsa tana da tushe. A 2015 an ɗaga Malesiya daga mataki na uku ana tsakiyar tattauna yarjejeniyar kasuwanci da ita, 'yan makonni bayan gano kaburburan baƙin haure a kan iyakarta da Tailan, kuma binciken kamfanin dillancin labarai na Reuters ya nuna manyan jami'ai sun danne ra'ayin ƙwararrun ofishin da ke haɗa rahoton a kan ƙasashe da dama. Amurka ba ta fara saka kanta a jerin ba sai 2010. Na ce masa, Baba, duk haka ne. Amma alkawarin ba su suka ɗora mana ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan yaƙi da safarar mutane a 2001, Nijar a 2004, kuma sashe na tara na yarjejeniyar ya ce kowace ƙasa ta ɗauki matakin karya buƙatar da ke haifar da cin zarafin mata da yara. Su dai suna tambayar abin da muka sa wa hannu ne, suna kuma da sandar da ke sa a saurare su.

Ya gyaɗa kai, ya karanto aya ta 33 cikin Suratun Nur, wadda ta hana tilasta wa kuyangi karuwanci don neman abin duniya. Ya ce malaman tafsiri sun ruwaito ta sauka ne a kan Abdullahi bin Ubayyu, mai tura kuyanginsa su samo masa kuɗi, kuma ƙarshen ayar gafara da rahama ta yi wa waɗanda aka tilasta. "To mu mun juya abin," in ji shi. "Rubuta gaskiya, Allah ya taimake ki."

Amsar da na rubuta ba ta da tsawo. Na ce a iya abin da muka gani a wannan lokaci, ba mu san wani da aka gurfanar saboda ya biya kuɗi ya yi lalata da yarinya ko da wadda aka yi safararta ba, kuma samamen da ake yi kan mata yake ƙarewa. Shawarwarin da muka haɗa da ita su ne a riƙa fitar da alƙaluman kame da shari'a a rarrabe, a ga mata nawa, dillalai nawa, masu saye nawa. A tantance duk wadda aka kama a samame kafin a kai ta kotu, ko yarinya ce ko bashi ke kanta. A kuma fayyace a doka cewa mai biyan kuɗi ya kwana da yarinya abokin laifin dillali ne. Wannan na ƙarshe daga Amurkan muka aro shi, don a 2015 ta gyara dokarta ta yadda za a iya tuhumar mai saye da laifin safara. Na kuma roƙi a sa ido musamman kan masu iko, domin rahoton Human Rights Watch na watan Oktoban 2016 ya kawo labarin mata da 'yan mata 43 a sansanonin 'yan gudun hijira bakwai a Maiduguri, waɗanda jami'an sansani, da 'yan sanda, da sojoji, da 'yan sintiri suka ci zarafinsu, wasu da ƙarfi, wasu da alkawarin abinci ko aure.

Na so in sa labarin littafin nan, don haka na kira mai shi na karanta mata abin da na rubuta da Hausa, ba suna, ba gari, ba sunan sansanin. Na gaya mata tana da ikon cewa a cire. Ta ce a bar shi, amma a gyara wuri ɗaya: na rubuta cewa ta yi aiki a can, ita kuma ta ce ba aiki ta yi ba, tsare ta aka yi. Na gyara. Barista ya duba Turancin, Hajiya ta sa hannu, muka tura ta imel kafin wa'adi ya cika.

Bayan wani lokaci wata ma'aikaciya ta kira don ta tabbatar da wasu abubuwa. Ta tambayi yadda muka san shekarun yarinyar da ke kan benci, da ko abin da na faɗa kan sakin maza na gani da idona ne ko ji na yi. Na faɗa mata wanda na gani da wanda aka faɗa mini, ta rubuta kowanne a matsayinsa. Rahoton yakan fito ne wajen tsakiyar shekara, kuma ba ya ambaton wanda ya ba da wane bayani. Da ya fito na bi shafukan ƙasashe ina neman wannan batu. A ƙasashe da yawa jimla ɗaya ce tak a ƙarshen sashen rigakafi, cewa gwamnati ba ta yi ƙoƙarin rage masu saye ba. Jimla ɗaya a cikin shafuka masu yawa ta yi kaɗan ga abin da ke ciyar da harkar, kuma a nan na fahimci dalilin masu son a ƙara wa wannan sashe nauyi.

A ofishinmu mun ƙara shafi a takardar karɓa. Ba a ranar farko muke cike shi ba, kuma ba dole ba ne. Sai yarinya ta huta, ta saba da mu, ta nuna tana son magana. Muna tambayar su waye ke zuwa, masu kaki ne ko 'yan kasuwa ko ma'aikatan wurin, ko sun san shekarunta, ko akwai wanda za ta iya ganewa. Ga waɗanda aka kai ƙasashen waje, bayanin yana tafiya cikin rahotonmu na shekara. Ga waɗanda abin ya faru da su a cikin gari, Barista yana duba ko akwai abin da za a iya kaiwa gaban hukuma, da yardar yarinyar da ta waliyyinta. Ta wannan shafi ne muka kai ƙorafi kan wani mai shago da ke biyan wata magajiya kuɗi ana kawo masa 'yar shekara goma sha biyar. Danginsa sun zo har ofis suna roƙon a rufa asiri, mahaifiyar yarinyar ta ce a'a. Maganar tana gaban kotu.